Jinjina ga Maginan Ƙasa na Kano

Mai ziyarar Gidan Makama, daf da fadar Sarkin Kano, yakan ɗaga kai ya ga ɗaurin gugan soro, ya yabi mutanen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). Sun cancanci yabo. Sai dai ginin ƙasa ba ya jure sakaci: indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, azara ta ruɓe, shi ke nan.

Maginan gargajiya ne ke riƙe da irin waɗannan gidaje. Kafin saukar damina za ka gan su bisa tsani, suna toshe tsaga, suna ɗaga zankwayen da suka zaizaye, suna shafe bango da makuba. Laso kuwa sai gwani: katsin marina, gashin jima da dafara ake kwaɓawa, a lailaye rufi da tafin hannu har ya yi santsi.

Gidan Ɗan Hausa na Nasarawa, mazaunin Hanns Vischer da ya buɗe makarantar boko a 1909, shi ma wannan hidimar yake bukata. Masu gaggawa sukan lulluɓe tubali da siminti, wai zamani. Danshi ne ke maƙalewa ciki, bangon ya ci kansa, a dawo ana neman tsohon magini.