Fritz Wunderlich da Harshen ’Yan Kallo

Akwai wani tsohon hoton talabijin baƙi-da-fari da aka ɗauka a Munik a 1959, na wasan opera ɗin Rossini mai labarin wanzamin garin Sabil. Labarin na Sifaniya ne, mai kiɗan Ba’italiye, amma saurayin da ya fito a matsayin Almaviva, wato Fritz Wunderlich, da Jamusanci yake rera komai. Barkwanci na fita daga bakinsa, yana faɗawa kunnen mutanen gari nan take.

Yau da wuya ka ga haka a manyan gidajen opera na Jamus. Abin da ake yayi shi ne a rera kowane wasa da harshen da aka rubuta shi, fassara kuma ta riƙa gilmawa a wani allo can saman dandamali. A ganina an tafka asara, kuma muryar Wunderlich ce shaidata.

An haife shi a Kusel a 1930. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara biyar, ya tashi cikin rashi, yana kiɗa a wuraren rawa don samun na abinci, kafin ya yi karatun waƙa a Freiburg. A 1955 gidan opera na Stuttgart ya ɗauke shi aiki. Ma’aikacin gida ne mai albashi, yana fitowa gaban mutane ɗaya mako bayan mako, da harshen da suke ciniki da shi a kasuwa. Ga murya ta sama, wadda suke kira tena, garau kamar ruwan rijiya, amma abin da ya fi kama ni shi ne yadda yake furta kalma. Ba ya haɗiye harafi. Ko da ya koma Munik a 1960 bai sauya ba: a 1962 ya fito a matsayin Lenski a wasan Eugene Onegin na Tchaikovsky, wanda asalinsa da Rashanci ne, ya rera shi da Jamusanci. Ba gazawa ba ce, don a 1965 ya yi La traviata da Italiyanci a garin.

Jirgin sama ne ya fara kawo sauyin. Da shahararrun mawaƙa suka koma yau Milan, jibi New York, sai ya zama dole kowa ya haddace rawarsa da harshe guda. Herbert von Karajan ya ɗora gidan opera na Biyana a kan wannan hanya lokacin da ya shugabance shi daga 1956 zuwa 1964. A 1983 aka fara haska fassara a allo a Toronto. Hatta gidan Komische Oper na Berlin, wanda aka san shi da riƙo da Jamusanci tun 1947, ya sassauta bayan zuwan sabon shugabansa, Barrie Kosky, a 2012.

Masu goyon bayan sauyin suna da hujja: mai kiɗa ya auna kowace gaɓa da sautinta, kuma fassara mara kyau tana karya waƙa. Na yarda. Amma su masu kiɗan ba su ɗauki abin da zafi haka ba. Wagner ya kai Tannhäuser Paris a 1861 da Faransanci. Verdi da Faransanci ya tsara Don Carlos saboda ’yan kallon Paris. So suke a fahimce su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ido. Mawaƙiya tana tsakiyar kuka, rabin zauren ya ɗaga kai yana karatu. Shi ma mawaƙin sau da yawa hadda ya yi, harshen ba nasa ba ne. Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun san bambancin jin daɗin sauti kawai da ranar da aka fara juya su zuwa Hausa, tsofaffi suka shiga gardama kan halin jaruma.

Wunderlich ya faɗo daga matakala, ya rasu a Heidelberg ranar 17 ga Satumba 1966, saura kwana tara ya cika shekara 36, ana jiran fitowarsa ta farko a gidan Metropolitan na New York. Nakan koma ga waƙar Lenski, wadda saurayin ke rerawa kafin a harbe shi. Daren da ya rera ta a Munik babu allo a saman dandamali, fuskarsa kawai mutane suke kallo.