Ƙwaƙwalwa, Uwar Garke da Gajimare: Sharhi Kan Sunayen da Muka Raɗa wa Inji

Duk wanda ya taɓa mayar da harshen wayarsa zuwa Hausa, ko ya buɗe shafin da na'ura ta fassara, ya san irin saƙonnin da ke tarbarsa. Yau a ce masa an kasa isa ga uwar garke, gobe a ce ƙwaƙwalwa ta cika, jibi a ba shi shawarar ya adana hotunansa a gajimare. Kalmomin duk na gida ne, babu baƙuwa a cikinsu. To amma bayan mun karanta, mun gane abin da ya lalace? Mun san abin da za mu yi? A ganinmu wannan shi ne ma'aunin kalmar fasaha, kuma da shi za mu auna waɗannan ukun.

Mu fara da ƙwaƙwalwa, tunda ita ce babba. Mun daɗe muna kiran kwamfuta na'ura mai ƙwaƙwalwa, sunan kuma ya zauna a baki. Matsalar ita ce kalmar ta haɗiye abubuwa uku da aikinsu ya sha bamban. Akwai furosesa, wadda ke yin lissafi. Akwai ram, inda ake ɗora abin da ake aiki a kansa yanzu, wadda da an ɗauke mata wuta take mance komai. Irin ram ɗin da ke cikin wayoyinmu, wadda Robert Dennard na kamfanin IBM ya ƙirƙiro tushenta a 1966, ko da wuta a jikinta sai an yi ta sabunta mata caji sau da dama a cikin daƙiƙa guda, in ba haka ba abin da ke cikinta ya zurare. Sannan akwai ma'ajiya, wadda ke riƙe hotuna da littattafai ko an kashe waya wata guda.

Wannan ba gardamar malamai ba ce, magana ce ta kuɗi. Mai waya a kasuwa zai ce maka wannan ram 4 ce, memori 64, yana nufin gigabait. Ya raba su, domin cinikinsa ya dogara da rabawar. Amma fassararmu ta rubutu sai ta kira su duka ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mutum zai ga wayarsa tana nauyi in ya buɗe manhajoji da yawa, ya je ya sayo katin memori, ya dawo ya tarar babu abin da ya sauya. Ya ƙara ma'ajiya ne, alhali ram ce ta yi masa kaɗan.

Abin lura shi ne tun farkon tarihin wannan fasaha an raba su. Charles Babbage, Baturen Ingila da ya tsara injin lissafinsa a wajajen 1837, injin da bai samu kammala shi ba, bai kira komai ƙwaƙwalwa ba. Sashe ɗaya ya kira shi sito, ɗayan kuma ya kira shi da kalmar da Turawa ke kiran injin niƙa da masaƙa da ita. Wato wurin ajiya daban, wurin sarrafawa daban. Mu ma muna da wannan hoton a tsakar gidanmu: rumbu, turmi da taɓarya. Hatsi yana zaune a rumbu, a ɗebo abin da za a daka a zuba a turmi, taɓarya ta yi aiki. Ba a kwana da hatsi a turmi, kuma girman rumbu ba ya sa daka sauri. Ba mu ce lallai a sauya sunan ram ya koma turmi ba. Muna cewa wanda aka yi wa bayani da wannan misali ba zai sake sayen rumbu yana neman turmi ba.

Sai uwar garke, wadda ta cika shafukan da aka fassara. Kalma ce mai daɗi, tana da ƙamshin rugga, kuma ba za mu yi mata rashin adalci ba: tana nuna abu guda da sauran ke komawa gare shi. Sai dai tana ba injin girman da ba nasa ba. Uwar garke ja-gaba ce, ita kuwa wannan na'ura 'yar aike ce. Wayarka ta roƙa, ita ta miƙo. Aiki ne, ba sarauta ba, kuma kowace kwamfuta na iya yin sa. Ta farko da ta raba shafukan yanar gizo kwamfutar tebur ce ƙirar NeXT, a ofishin Tim Berners-Lee a cibiyar CERN a 1990, har ya manna mata takarda yana gargaɗin kada kowa ya kashe ta. A yau irinsu dubbai ne a jere cikin kantocin ƙarfe masu faɗin inci 19, a ɗakuna masu sanyi, akasari kowace da hanyar wuta biyu domin in ɗaya ta mutu ɗaya ta riƙe. Garke guda uwarsa guda, amma shafi guda yana iya zama a kan injuna ɗaruruwa. Ma'aikacin banki da ke ce wa layi saba ba ta aiki ya fi mu kusa da gaskiya. Kalmar aro ce, amma ba ta yi wa kowa alkawarin ƙarya ba.

Gajimare kuwa laifinta ba na mai fassara ba ne, domin haka Turawan ma suka kira abin, kuma sunan ya yi wa 'yan talla daɗi. Mu muka ɗauko shi ɗungurungum ba tare da tambaya ba. Abin da aka ce yana gajimare yana cikin ma'ajiyar injin wani ne, a ginin wani, ana biyan kuɗin wutarsa duk wata. A nan ne maganar ta shafi marubutanmu kai tsaye. Dandalin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Marubuciyar da ta fahimci cewa littafinta yana rumbun wani za ta ajiye kwafi a nata rumbun. Wadda aka gaya wa yana gajimare fa, me zai sa ta damu? Wa ya taɓa jin an rufe sama?

Haka abin yake a ɓangaren sadarwa. Yanar gizo suna ne da ya dace, ya kama siffar shafukan da ke sarƙe da juna, amma mun shimfiɗa shi har ya rufe intanet, alhali intanet ita ce hanya, yanar gizo kuma ɗaya ce daga cikin abubuwan da ke bi ta kanta. A titi kuma komai ya lalace sai mu ce babu sabis, ko netwok ya ɗauke, 'yan uwanmu na Nijar su ce rezo. A ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace kusan awa shida. Sabis ɗin waya lafiyarsa lau, bayanan mutane ma suna nan, hanyar isa ga injunan kamfanin ce ta ɓace daga taswirar intanet. A ranar 14 ga Maris ɗin 2024 kuma, wayoyin ƙarƙashin teku ne suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har aikin bankuna da kiran intanet suka tangarɗa a Najeriya da Gana. Cuta biyu daban, amma harshenmu suna guda ya ba su.

Ba mu goyon bayan masu cewa Hausa ba za ta iya ɗaukar kimiyya ba. Harshen da ya mayar da mota da sito da asibiti nasa, ya kuma haifi manhaja da yanar gizo, ba ya buƙatar shaida. Ƙorafinmu a kan gaggawa ne: mai fassara ya ga kalma, ya buɗe ƙamus, ya sa makwafinta, bai taɓa buɗe bayan kwamfuta ya ga abin da yake raɗa wa suna ba. Kafin a zaɓi kalma, a zauna da masu gyaran waya a ji yadda suke rarrabe kayan. Inda suka raba, mu raba. Inda aron ya riga ya zauna, kamar saba da ram, mu bar shi mu yi masa bayani da turmi da rumbu. Ku kuma marubuta, kafin a gama wannan muhawara, ku sauko da littattafanku daga gajimare ku ajiye kwafi a gida.