Jam'iyyar Liberal da harshen Inuit: doka ba haƙori

Idan muka yi maganar Kanada, abin da ke zuwa zukatanmu shi ne ƙasa mai harsuna biyu, Turanci da Faransanci, kamar yadda dokarta ta 1969 ta tanada. Amma a can arewa, a yankin Nunavut da aka kafa ranar 1 ga Afrilu, 1999, kusan kashi 85 cikin 100 na mazauna 'yan ƙabilar Inuit ne, kuma suna da harshensu, Inuktut. Da shi Mitiarjuk Nappaaluk ta rubuta littafinta na ƙagaggen labari, Sanaaq. Abin da ya dame mu shi ne ko jikokinta za su iya karanta shi ba tare da fassara ba.

Jam'iyyar Liberal ta Justin Trudeau ta hau mulki a 2015 da alkawarin sasantawa da 'yan asalin ƙasa. A Yunin 2019 gwamnatinta ta kafa Dokar Harsunan 'Yan Asali. Tun kafin a kammala ta, ƙungiyar Inuit Tapiriit Kanatami, ƙarƙashin Natan Obed, ta nuna rashin amincewarta, domin babu wani tanadi na musamman ga Inuktut a cikinta. Buƙatar Inuit a fili take: harshensu ya zama na hukuma a yankunansu, har a ofisoshin tarayya. Abin da aka samu shi ne ofishin kwamishina da kuɗin tallafi.

A nan kuskuren yake. Dokar ta zuba harsuna da dama cikin kwando ɗaya, daga wanda ya rage a bakin tsofaffi ƙalilan har zuwa Inuktut da dubban mutane ke ciniki da reno da shi kullum. Na farko yana buƙatar ceto. Na biyu yana buƙatar iko, wato a ji shi a kotu da asibiti da aji. Wanda aka ba shi maganin cutar da ba tasa ba, ai ba a yi masa magani ba.

Mu duba yadda abin yake a aikace. Ma'aikacin tarayya da ya iya Turanci da Faransanci yana samun ƙarin dala 800 a shekara. Iya Inuktut ba ya cikin wannan lissafi. A 2021 Trudeau ya zaɓi Mary Simon, 'yar Inuit, a matsayin Gwamna Janar. Tana jin Inuktitut da Turanci, amma sai ƙorafi ya yi ta kwarara cewa ba ta jin Faransanci. Tsarin da gwamnatin ta bari a tsaye ne ya sa aka ƙirga harshen uwarta kamar babu shi. A 2023 kuma aka sabunta dokar harsunan hukuma don ƙarfafa Faransanci, alamar cewa gwamnati ta san yadda ake sa wa doka haƙori idan ta ga dama.

Gwamnatin Nunavut, wadda ba ta bin tsarin jam'iyyu, ita ma tana da nata kashin laifi. A 2020 ta ɗage wa'adin kammala shigar da Inuktut a dukkan azuzuwa zuwa 2039, har ƙungiyar Nunavut Tunngavik ta kai ta kotu a 2021. Sai dai yawancin kuɗin yankin daga Ottawa suke fitowa, kuma tun 2006 tsohon alƙali Thomas Berger ya shawarci tarayya ta zuba kuɗi a ilimi mai harshe biyu da horar da malaman Inuit. Yaron da aka haifa a shekarar wannan rahoto ya riga ya gama sakandare.