Tsiren Sinawa a Ma'aunin Ɗan Maraɗi

A Maraɗi na tashi, a unguwar da ƙamshin tukuba ke riga kiran sallar magariba isowa. Saboda haka ranar da abokin fataucina ya ce mu je cin tsire a Shiyawbe, unguwar da ƴan Afirka suka fi yawa a birnin Gwanju, dariya na yi. Me Basine ya sani a harkar tsire?

Kafin mu zauna sai da ya nuna mini alamar halal a bakin ƙofa, wadda suke kira cinjan. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, ƴan uwa. Da yawa daga gidajen gashin ƙasar Sin kan ɗora naman alade da na rago a wuta ɗaya, ga giya a tebur. Mu gidan Musulmin Shinjiyang muka shiga, yankin Uigur inda wannan gashi ya samo asali kafin ya bazu cikin ƙasar.

Bari in fara da yabo, don an ce yabon gwani ya zama dole. Ba sa fiffiƙe nama kamar mu. Gutsi-gutsi suke yanka shi, su soka kitse tsakanin tsoka da tsoka, su jera tsinkayen a kan wani dogon kaskon ƙarfe mai garwashi. Kitsen na narkewa yana jiƙa tsokar, shi ya sa ba ta bushewa. Ba a gasa komai sai ka ce a gasa. Tsinke 20 muka nema, aka kawo su kashi-kashi, kowane yana tsartar mai. Har da gurasarsu, nan, aka ɗumama a wutar, ta sha kitsen rago.

Amma laifinsa ma a fili yake. Yajinsu harshe ɗaya gare shi: gishiri, barkono, da ƙwayar da Larabawa ke kira kammun, su kuma ziran. Shi ake barbaɗa wa nama, ƙoda, fiffiken kaza, har da gauta. Zuwa tsinke na 10 na daina bambance abin da nake ci. Namu yajin kuwa zance yake yi daki-daki: ƙuli ya fara, citta ta biyo, masoro da kanumfari su rufe. Na kuma nemi ɗanyar albasa mai wanke baki, irin ta Galmi, ban gani ba. In ka tsaya hira kitsen ya huce, sai ya daskare maka a ganɗa.

To, da a nan na tsaya, da na koma masauki ina taƙama. Abin da ya hana ni shi ne teburin da ke gefenmu: mata da miji, da tsohuwa, da yara 2, suna ci suna hira a cikin haske. Na tuna yadda muke sayen namu: a tsaye, a duhu, maza zalla. Na tuna tsiren da ya yini a buɗe yana shan ƙura, a yayyafa masa mai a sake ɗumamawa, a naɗe a takardar siminti. Wanda ya taɓa kwana yana zaryar bayan gida ya san abin da nake nufi.

Hukuncina ke nan. A ɗanɗano, mahaucinmu ya fi, ko gobe zan faɗa. A mutunta nama da mai cinsa kuwa, an bar mu a baya. Ba yajinsu muke buƙata ba. Tebur muke buƙata, da fitila, da murfi, da mai tsiren da zai ce maka: "Alhaji, zauna, yanzu za a ɗora naka."