4.3 Sharhi a Kan Taken "Sai Masu Gida"

A wannan sashe za a dubi taken ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, domin a ga yadda ya danganci siyasa.

Ta fuskar sigar jimla, taken ya bi tsarin kirarin zaɓe, wato kalmar "sai" a biyo ta da sunan gwani, kamar yadda aka riƙa cewa "Sai Baba" a zaɓen 2015. Aikin "sai" a nan shi ne keɓewa, ma'ana ba kowa sai wane. Bambancin kawai shi ne, a fagen siyasa mutum guda ake keɓewa, a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata kuwa jam'i ake amfani da shi. Wannan jam'i shi ne ƙarfin taken, domin yakan haɗa ɗan Kwankwasiyya da abokin adawarsa a benci ɗaya, abin da taken jam'iyya ba ya iya yi.

Sai dai taken yana da rauni idan aka auna shi da zahiri. A al'adar Bahaushe, maigida shi ne mai ci da gida, mai kuma yanke hukunci. Pillars mallakar gwamnatin jiha ce. Gwamnati ke ba da kuɗin tafiyar da ita, kuma daga Gidan Gwamnati da ke Nassarawa GRA ake naɗa shugabanninta, kamar yadda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa Ahmed Musa babban manaja a 2025. Hatta nasarorinta akan jingina su ga zamanin gwamnoni: kofin lig na 2008 a lokacin Shekarau, na 2012 da 2013 da 2014 a lokacin Kwankwaso, sai kofin ƙalubale na 2019 a lokacin Ganduje. Amma da ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 2022, magoya baya ne suka fi kwana da baƙin ciki.

Bisa ga wannan, ana iya cewa taken ya fi bayyana burin magoya baya a kan matsayinsu na haƙiƙa. Suna da murya a filin wasa, amma ba su da ƙuri'a wajen zaɓen masu tafiyar da ƙungiyar.