Masu Cin Dankali: Aikin Fari na Van Gogh

Mutane da yawa sun san Van Gogh, mai zanen nan na ƙasar Holan, saboda furanni da taurari da ya zana da launi mai haske a ƙarshen ransa. Amma mu yau kan aikinsa na fari za mu yi magana, tun kafin ya koma Faris a 1886.

Daga ƙarshen 1883 zuwa ƙarshen 1885 ya zauna a Nuenen, ƙauyen da ubansa ke limancin coci. Nan ya riƙa shiga ɗakunan talakawa, har ya zana fuskokin manoma fiye da 40, don hannunsa ya saba. Sa'an nan a 1885 ya tara abin da ya koya a hoto guda, wanda a ke kira Masu Cin Dankali, yau yana Amsatadam. Mutum biyar ne zaune ƙarƙashin fitila ɗaya, suna cin dankali a kwano ɗaya, wata tsohuwa tana tsiyaya gahawa. Launin fuskokinsu kamar na dankalin da ba a fere ba, da ƙasarsa a jiki.

Abokinsa Van Rappard, shi ma mai zane, da ya ga bugun hoton sai ya kushe shi, ya ce ga hannu ya gajarce, ga mutum ba gwiwa ba ciki. Maganarsa da gaskiya, gama in an auna gaɓoɓin nan ba su daidaita ba, ɗakin kuma duhunsa ya yi yawa.

To, amma mu a ganinmu, wanda ya tsaya awon gaɓa ya bar abin da ya fi. Ku dubi yatsun nan masu kauri, duk gaɓoɓi sun fito. Da gani ka san hannun da ke cikin kwano shi ya haƙa ƙasar da abincin ya fito. Ba wanda ke murmushi, ba kuwa wanda ke roƙon tausayi. Labarin zuciya, an ce, a tambayi fuska.

Gyara wa manomi fuska don a burge masu kuɗin birni abu ne mai sauƙi. Van Gogh ya ƙi, ya nuna shi yadda wahala ta bar shi, da mutuncinsa. Don haka mu ke sa hoton nan cikin manyan ayyukansa, ko da kurakuransa.