Labarin Mazan Jiya: Hanyar Bin Sawun Sojan Bama

Akwai malaman tarihi da ke cewa labarin da iyalan tsofaffin soja ke bayarwa hira ce kawai, sai abin da fayil ya tabbatar. Ban yarda ba. Wanda ya taɓa neman kakansa a takardun Turawa ya san inda gizo ke saƙa.

Tarihin kansa sananne ne. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a Bama tsakanin 1943 da 1945, kuma Hausa ce harshen bariki. Har yau sunayen suna nan: barikin Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Arakan a Legas. Matsalar ita ce rajista. Akawun ɗaukar soja yakan rubuta sunan mutum ya liƙa masa sunan gari, har ɗan Jajaye ya koma wane Ƙaraye ko wane Kano, wani ma ya ba da sunan da ba nasa ba don kada a gane shi a gida. Hafsan Bature ko matuƙin jirginsu yana da fayil da sunansa cikakke. Namu kuwa lamba ce. Lambar yabon Tauraron Bama da ke cikin adakar gidan ma ba a zana mata suna ba.

To ina mafita? A wurin matar marigayin da 'ya'yansa, amma sai an iya tambaya. Kada ka ce, "Baba, wace bataliya yake?" Ba wanda zai sani. Ka tambayi hanya, ka tambayi abinci. In aka ce ya yaƙi Italiyawa, ya ga Mogadishu da ƙasar Habasha kafin ya haye teku zuwa Bama, to yana cikin waɗanda suka fita tun 1940, kuma mafi yawansu runduna ta 82 suka faɗa daga baya. In aka ce kullum labarinsa jirgi ne ke jefo musu shinkafa da harsashi da lema, su ɗauka a ka su ratsa kurmi, wannan ya yi kama da runduna ta 81 a kwarin Kaladan a 1944. In kuwa aka ce shi kansa jirgin sama ne ya sauke shi a bayan abokan gaba, ka nufi birged ta 3 da ta bi Janar Wingate. Tambaya uku ta rage maka dubban sunaye zuwa rukuni guda. Sannan ka roƙi a buɗe maka littafin sallama, domin lambar da ta fara da NA tana ciki, kuma da yawa cikin 'ya'yan sun haddace ta daga bakin mahaifinsu.

Da wannan lamba ake zuwa Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko jerin sunayen mamata na maƙabartar Taukkyan kusa da Rangoon, ko kundin yaƙi da ke Kew a Ingila. Fayil yana da amfani, amma a ƙarshe yake zuwa, kuma bai san Jajaye ba.

Abin da ke damuna shi ne lokaci. Mazan jiyan kusan duk sun kwanta dama, matansu na binsu. A Rogo da Ƙaraye waɗanda suka ji labarin daga bakin masu shi yanzu su ne dattawan zaure. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero su ɗauki rakoda su fara da su, Kaduna ba inda za ta je.